Yuraniyom, Fari da Rayuwar Bishiya: Daga Arlit Zuwa Kwatano

Daga layukan 'yan gwanjo na Missèbo zuwa ƙofar tashar jiragen ruwan Kwatano tafiyar 'yan mintuna ce a bayan ɗan zemijan. Ta wannan tashar ce yuraniyom ɗin Nijar ya riƙa fita zuwa Faransa fiye da shekara 40. Tun daga Arlit ake ɗura hodarsa mai launin rawaya cikin gangunan ƙarfe, a jera su a kwantena, manyan motoci su ɗauko ta Agadas, Tawa, Birnin Ƙwanni da Doso, su tsallaka gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, su gangaro Kandi har Parakou. Can baya jirgin ƙasa ne ke karɓar kayan daga Parakou ya ƙarasa da su bakin teku. Tafiya ce ta kusan kilomita 2,000, kuma ba kullum take ƙarewa lafiya ba: a Fabrairun 2017 wata motar da ke ɗauke da wannan kaya ta yi hatsari a Dassa-Zoumé.

Mutanen Zangon Kwatano sun san hanyar nan kamar tafin hannunsu. Ta ita albasar Galmi ke saukowa, ta ita dilolin gwanjo da motocin hannu ke hawa arewa. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya, hirar majalisa a bakin shaguna ba ta wuce asarar ciniki da kuɗin fito a kwale-kwale. Da gwamnatin Yamai ta ƙwace kamfanin SOMAÏR daga hannun kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2025, sai hirar ta koma kan wa ke da yuraniyom, wa zai saya, nawa za a biya.

Abin da ke fita a ganguna kaɗan ne. Mafi yawan abin da aka tono yana can inda aka tono shi, tsibi-tsibi a fili, kuma zai daɗe fiye da kowane kamfani da kowace gwamnati. Mai hali yana iya kwashe iyalinsa ya bar garin, makiyayi yana iya kora raƙumansa gaba. Bishiya kuwa inda ta tsiro nan take shan abin da ƙasa ta ba ta, ta shaƙi abin da iska ta kawo, shekara da shekaru. Shi ya sa masana suka daɗe da mayar da ita mai ba da shaida.

Abin da kututture ke faɗa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin masu yankan katako ya ga fuskar gungumen da zarto ya ratsa. Da'ira ce cikin da'ira, daga cibiya zuwa ɓawo. In ka shafa ruwa a kai sai su fito sarai: wata mai faɗi har ka ɗora ɗan yatsa, wata siririya da ƙyar ido ke raba ta da maƙwabciyarta. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn rai, shi ne ke ƙara sabon itace duk lokacin da bishiya ta samu ruwa, ya tsaya idan rani ya shigo. Damina mai albarka tana barin zobe mai kauri. Shekarar fari tana barin zare.

An daɗe ana cewa bishiyoyin ƙasashe masu zafi ba sa yin wannan zoben shekara, tun da ba mu da hunturun ƙanƙara irin na Turawa. Ashe ranin namu ya isa ya tsayar da girma. A nan Benin ma aka samu ɗaya daga cikin hujjojin. A 2006 Jochen Schöngart da Martin Worbes da abokan aikinsu suka buga sakamakon binciken da suka yi a dazukan Ouémé ta sama da kuma gandun Comoé na Kwaddibuwa. Itatuwan da suka duba sanannu ne ga kowane Bahaushe: doka, maje, madobiya, kawo, marke. Sun gano cewa faɗin zobensu yana bin yawan ruwan saman shekara, har suka yi amfani da maje suka tsara tarihin damina tun daga 1840, zamanin da babu mai auna ruwa da kwalba a yankin.

Wani abin takaici a gefe: madobiyar da ke ɗauke da irin wannan tarihi ita ce aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Sin daga tashoshin Afirka ta Yamma, har sai da yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu daga 2017.

Darasin Chernobil

Inda aka fi nazarin abin da tururin nukiliya ke yi wa daji shi ne Chernobil, a Yukiren. Ranar 26 ga Afrilun 1986 tukunya ta huɗu ta tashar ta fashe. Dajin itacen fayin da ke yamma da ita ya sha mafi munin gubar. Cikin 'yan makonni ganyensa ya koma ja, ɗaruruwan hekta suka mutu a tsaye, aka riƙa kiran wurin Jan Daji. Daga baya aka turo katafila aka tumɓuke su aka binne a ramuka. Itatuwa masu faffaɗan ganye da ke tsakaninsu sun fi jurewa, su ne ma suka fara mamaye filin.

Wannan shi ne ɓangaren da ido ya gani. Wanda ya fi amfani gare mu shi ne na itatuwan da ba su mutu ba. Timothy Mousseau na Jami'ar South Carolina da Anders Møller sun huda itatuwan fayin 105 a wurare masu bambancin guba, suka zaro siraran sanduna daga cikinsu, suka auna zobe ɗaya bayan ɗaya. A rahotonsu na 2013 sun nuna cewa girma ya ruguzo a 1987 zuwa 1989, kuma ƙananan itatuwa ne suka fi jin jiki. Sannan ga abin da ya kamata ɗan Sahel ya riƙe: ko bayan shekaru, itatuwan sun ci gaba da samun shekarun raguwar girma, kuma masu binciken suna ganin gubar tana haɗuwa da sauran matsin yanayi ta ƙara musu nauyi. Kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima ne. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka gane ba, sai an zo hawan tudu.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Tururin yana karya ƙwayoyin halitta a daidai wuraren da ke tsiro, wato tohon reshe, bakin saiwa da wannan siririn rai na ƙarƙashin ɓawo. Bishiya tana iya gyara ɓarnar, amma gyara yana cin ƙarfi, kuma ƙarfin nan daga ruwa da ganye yake fitowa. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, sai ta rasa abin da za ta yi gyaran da shi balle ta ƙara girma.

Mousseau da Møller sun yi wani gwajin da ya fi ba ni mamaki. Sun cika ɗaruruwan 'yan buhunan raga da busasshen ganye mai tsabta, suka baza su a ƙasan daji, suka dawo bayan wata 9. A wuraren da gubar ta fi yawa, ruɓewar ganyen ta gaza ta sauran wurare da kimanin kashi 40 cikin 100. Ƙwari da ƙwayoyin da ke mayar da ganye taki sun ragu. Sakamakon biyu ne: ƙasa ba ta samun abincinta, sannan busasshen ganye yana taruwa yana jiran tartsatsi. A Afrilun 2020, bayan hunturu marar ƙanƙara sosai da bushewar ƙasa, gobara ta ci dubban hekta a yankin, hayaƙinta ya sake tayar da burɓushin da ya kwanta shekara 34.

Fukushima ta Japan, bayan hatsarin Maris 2011, ta maimaita labarin. A wani wuri kusa da tashar, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙananan itatuwan momi da aka duba sun rasa tohon tsakiya, sai rassa suka barbazu gefe maimakon su miƙe sama. Tsibirin Bikini kuma, inda Amurka ta yi gwaje-gwajen bama-bamai, ya koyar da wani abu dabam. Saiwa ba ta bambance sinadarin siziyom mai guba da fotashiyom da take buƙata. Ƙasar tsibirin ba ta da fotashiyom sosai, sai bishiyar kwakwa ta riƙa zuƙe siziyom tana kai shi cikin 'ya'yanta. Bishiyar kore shar, ba alamar ciwo, amma mutanen da aka mayar gida suna ci suna tara guba, har aka sake kwashe su a 1978. Lafiyar ganye ba ita ce shaidar tsabta ba.

Arlit ba Chernobil ba ce

Wajibi ne a faɗi wannan, domin masu son kururuwa sukan haɗa su wuri ɗaya. A Chernobil guba ce mai tsananin ƙarfi ta zubo cikin kwanaki, kuma siziyom da sitironshiyom ɗinta suna raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 30. Ta Arlit ba ta kai ko kusa da wannan ƙarfin ba, ba za ta mayar da daji ja cikin wata guda ba. Amma ba ta gaggawar tafiya. Radiyom yana ɗaukar shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi, toriyom ɗin da ke haifar da shi kuwa kimanin shekara 75,000.

SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971 daga buɗaɗɗun ramuka. COMINAK ya biyo a 1978 da ramin ƙarƙashin ƙasa na Akouta, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ya fitar da kimanin tan 75,000. Abin da ya bari a baya shi ne tudun tarkace na kusan tan miliyan 20 a kan hekta 120, 'yan kilomita daga gidajen Akokan da Arlit. Tarkacen nan niƙaƙƙen dutse ne da aka wanke da asid aka tace yuraniyom, aka bar yawancin sauran sinadaran masu tururi a ciki. Daga jikinsa iskar radon ke fita, ƙura kuma tana tashi duk sanda guguwa ta kaɗa. Orano ya tsara rufe tudun da laka da dutse kaurin mita 2, aikin da aka ce zai ci kimanin shekara 10, kuma kamfanin ya daɗe yana cewa abin da mazauna ke ɗauka bai wuce iyakar da doka ta gindaya ba.

Ba kowa ya yarda ba. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin ma'adinan da ya kafa ƙungiyar Aghirin'man, shi ya gayyato cibiyar CRIIRAD ta Faransa a ƙarshen 2003, suka tarar da ƙarafan da suka gurɓata ana sayarwa a kasuwa, mutane na yin ƙofofi da kayan gida da su. Greenpeace ta zo a Nuwamban 2009. Rahotonta na 2010 ya ce a wani titi na Akokan tururin ya ninka na al'ada har kusan sau 500, saboda an yi cikon hanya da dutsen ma'adinai, kuma samfurin ruwa 4 cikin 5 da ta ɗiba sun wuce ma'aunin yuraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin COMINAK, ta mayar da rayuwar garin fim a 2016.

To ina bishiya a ciki? A ganina, kafin a zo maganar guba, maganar ruwa ce. Ruwan saman Arlit ba ya kai milimita 100 a shekara. Kandili da aduwa da 'yan uwansu masu ƙaya ba da damina kaɗai suke rayuwa ba, da saiwa suke rayuwa. Shahararriyar bishiyar Tenere, wadda wata mota ta kaɗe a 1973 aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai, misali ce: da aka haƙa rijiya a gefenta an ga saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ruwan ƙarƙashin Arlit tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da Sahara ke da tafkuna, ba ya sabuntawa sai kaɗan. Greenpeace ta ƙiyasta cewa kamfanonin sun zuƙe lita biliyan 270 cikin shekara 40. Idan ruwa ya ja da baya, tsohuwar bishiya tana iya binsa na wani lokaci. Ƙaramar da ta tsiro bara ba za ta cim masa ba.

Wadda ta samu ruwan kuma, me take sha? Yuraniyom yakan maƙale a saiwa, kaɗan ke hawa sama. Radiyom kuwa yana bin hanyar kalsiyom, ya shiga itace da ganye. An ga haka a itatuwan da ke kusa da tarkacen ma'adinan Elliot Lake na Kanada. Ƙurar da ta kwanta a ganye ita ma tana da nata kaso. Daga nan hanya a buɗe take: akuya da raƙumi su ci ganye da ƙwanso, mace ta hura itacen a murhu, abin da bai ƙone ba ya taru a toka.

A kan wannan ne fari ya zo ya zauna. Shekarar da SOMAÏR ya fara aiki tana tsakiyar babban farin 1968 zuwa 1974, kuma COMINAK bai cika shekara 7 ba aka shiga na 1984. Binciken Patrick Gonzalez ya nuna cewa tsakanin 1954 da 2002 bishiya ɗaya cikin kowace 6 ta mutu a wuraren da ya auna a Sahel, kuma masu son danshi da masu 'ya'ya ne suka fi tafiya. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, amma da wata fuska. Wani nazari na 2017 ya nuna cewa manyan guguwowin ruwa a Sahel sun ninka sau 3 tun 1982. Mutanen Agadas ba su manta ambaliyar Satumban 2009 ba. Ruwan da ya zubo a dare ɗaya ya wuce ba ya renon ƙaramar bishiya, amma ya isa ya zaizaye gefen tudun tarkace.

Manoman Maradi da Damagaram sun nuna cewa ana iya dawo da itace: tun daga shekarun 1980, ta hanyar kula da tohon kututture a gona, an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, gawo ya sake cika gonaki. Sai dai can akwai damina. A Arlit, bishiyar da ta faɗi ta faɗi ke nan, ƙila har ƙarni.

Tambarin bom a cikin itace

Akwai wata matsala. Itatuwan hamada ba sa yin zoben da za a ƙirga da tabbaci. Wata shekarar ba sa ƙara komai, wata su ƙara sau biyu. Maganin wannan ya fito ne daga inda ba a zata ba.

Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ta yi 4 a sararin sama, sannan 13 a ƙarƙashin dutsen In Ekker har zuwa 1966. Taswirar sojan Faransa da jaridu suka buga a 2014 ta nuna gajimaren na farko ya kai Njamena da Bamako da Abijan. Gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwajen. Amma mafi yawan abin da ya cika iskar duniya daga manyan bama-baman Amurka da Tarayyar Sobiyat ya fito. Wajen 1963 zuwa 1965 sinadarin kabon-14 da ke cikin iska ya kusa ninkawa biyu a arewacin duniya, sannan ya riƙa sauka a hankali bayan yarjejeniyar hana gwaji a sarari ta 1963.

Duk bishiyar da ke raye a lokacin ta shaƙi wannan kabon ta gina itace da shi, daga kukar bakin ganuwa a Kano har kwakwar bakin tekun Kwatano. Ba ya cutar da ita, amma ya zama tambari. In aka auna ɓangarorin itace daga cibiya zuwa ɓawo, za a ga daidai inda 1964 take, a kuma lissafa abin da bishiyar ta ƙara tun daga nan. Masana daga Jami'ar Bergen ta Norwe sun yi amfani da wannan dabara a hamadar gabashin Masar, suka gano a 2007 cewa wasu itatuwan ƙaya dangin kandili, waɗanda ba su wuce inuwar raƙumi biyu ba, sun kai shekara 200 zuwa fiye da 600.

Ka ga ke nan tsohon kandilin da ke ƙoramun kewayen Arlit yana iya girmar garin da kansa nesa ba kusa ba. Itacen da ya yi kafin tambarin bom, ya yi shi ne kafin zuwan ma'adinai. Wanda ya yi bayansa kusan duk na zamanin ma'adinai ne. Fari ya shafi kowa a yankin daidai gwargwado, guba da janyewar ruwa kuwa sun fi yawa kusa da ramuka. Saboda haka in aka gwada itatuwan gefen Akokan da takwarorinsu na nesa, irin ɗaya, ƙasa iri ɗaya, bambancin da ya rage bayan an cire na fari shi ne na ma'adinai. Akwai wurin taka-tsantsan: wasu sinadarai suna yawo cikin itace daga sabon zobe zuwa tsoho, don haka saurin girma ya fi zama abin dogaro a kan neman guba zobe-zobe.

Kayan aikin ba wani abin tashin hankali ba ne. Wani siririn ƙarfe ne mai rami a ciki, ana murza shi cikin gindin bishiya da hannu, a zaro sandar itace da ba ta kai kaurin fensir ba, a toshe hudar, bishiya ta ci gaba da rayuwarta. Inda itacen ya cika tauri ana amfani da na inji, ko a yanki faifai daga wadda ta riga ta faɗi. Awon kabon ɗin ne ke da tsada, shi ma ba ya kai kuɗin ganga ɗaya ta abin da aka yi ta wucewa da shi ta Kwatano.

Shekara da shekaru ana jayayya a kan alƙaluman kamfani da na masu adawa da shi, kowa na ƙaryata ɗan uwansa. Yanzu da Nijar ta ce ma'adinan ya dawo hannunta, tarkacen ma ya zama abin da za ta amsa tambaya a kansa gaban 'ya'yanta. Jami'ar Abdou Moumouni tana Yamai, akwai jami'a a Agadas, Abomey-Calavi kuma tana da masana daji da suka san aikin itace. Su haɗu su ɗebi samfurin tsofaffin itatuwan Arlit da Akokan, a buga sakamakon da Hausa da Tamashek, tun gatarin masu itacen girki bai riga su ba.